Haya da Tarihi: Nazari a Kan Zauren Tunawa da Glover na Ikko, 1887 Zuwa 2021

1.0 Gabatarwa

Duk sa'ad da labari ya zo cewa an ba da hayar wani tsohon ginin jama'a domin bikin aure, ko walima, ko taron 'yan kasuwa, akan sami masu nuna ɓacin rai, musamman a cikinmu mu ɗaliban tarihi. Abin da akan ce shi ne an zubar da mutuncin wurin, an mai da kayan gado haja. Wannan ƙorafi yana da hujjarsa, kuma za mu komo kansa a ƙarshen takarda. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a waiwayi tarihi, a ga ta wace hanya irin waɗannan gine-gine suka sami darajar da muke neman karewa.

A wannan takarda mun ɗauki gini guda domin ya zame mana madubi, watau Zauren Tunawa da Glover da ke tsibirin Ikko, birnin da ake kuma kira Legas. Abin da muke so mu nuna shi ne, sunan da wannan zaure ya yi a tarihin Nijeriya, masu haya ne suka yi masa shi. Waɗanda suka gina shi sun yi nufin girmama wani gwamna Bature ne. Amma da yake zaure ne wanda duk mai abin biya zai iya ɗauka na dare guda, sai ya zama gidan majigi na farko, ya zama makarantar wasan kwaikwayo, ya kuma zama wurin da aka ƙulla jam'iyyar da ta tashi neman kawar da mulkin Turawa. Za mu fara da mutumin da aka sa wa zauren sunansa, sa'an nan mu dubi yadda ake hayar, da waɗanda suka yi ta. Daga nan za mu kwatanta shi da wasu wuraren taro, kana mu dubi abin da ya same shi bayan samun mulkin kai.

2.0 Glover da Hausawansa

John Hawley Glover hafsan sojan ruwa ne na Ingila, an haife shi a 1829. Ya zo ƙasar nan cikin ayarin Dokta Baikie wanda ya hau kogin Kwara a 1857. Jirginsu mai suna Dayspring ya yi karo da dutse kusa da Jabba ya lalace, wannan ya sa Glover ya bi ta ƙasa tsakanin bakin Kwara da Ikko domin neman agaji. A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ya haɗu da bayi 'yan asalin Arewa waɗanda suka gudu daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, suka bi shi suna yi masa rakiya.

A watan Agusta na 1861 Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta ba Ingila mulkin tsibirin. Shekara biyu bayan haka aka danƙa wa Glover riƙon wurin, kuma shi ne ya fi kowa faɗa a ji a Ikko har zuwa 1872. A 1863 ya tara waɗansu daga cikin waɗancan 'yantattun bayi ya ba su bindiga da kaki, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Ya kamata mu lura cewa ba dukkansu ne Hausawa na jini ba. Harshen Hausa da addinin Musulunci su ne suka haɗa yawancinsu. Wannan 'yar ƙaramar runduna ita ce Sojan Nijeriya yake ɗauka a matsayin tushensa. Da ita Glover ya shiga yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a Gwalkwas, watau Gana ta yau, kuma waɗansu daga cikin sojojin suka zauna can ba su komo ba. Daga baya aka naɗa shi gwamna a Newfoundland, ya rasu a Landan a watan Satumba na 1885.

Mutanen Ikko, waɗanda suke kiransa Golobar, ba su taru a kan ra'ayi ɗaya game da shi ba. Akwai masu yaba masa saboda hanyoyi da kasuwanni, da kuma masaukin da ya ba Kiristocin Egba a Ebute Metta bayan da aka kori 'yan mishan daga Abeokuta a 1867. Akwai kuma masu ganin cewa mutum ne mai ƙarfa-ƙarfa, mai tsoma baki a yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa yana toshe hanyoyin ciniki. Duk da haka, da labarin rasuwarsa ya iso, masoyansa suka yi rinjaye, aka tsai da shawarar a yi abin tunawa da shi. Abin sha'awa a nan shi ne ba su tsaya ga gunki ko hasumiya ba, sai suka zaɓi ɗakin taro. Gunki kallonsa kawai ake yi, amma ɗaki shigarsa ake yi, kuma wanda ya shiga shi ne yake zaɓar abin da zai faɗa a ciki.

3.0 Ginin da Tsarin Hayarsa

An aza harsashin zauren a 1887, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta cika shekara 50 a gadon sarauta, a unguwar bakin ruwa ta Marina inda manyan kantunan Turawa da ofishin kwastan suke. Da gudummawar jama'a aka tashi aikin, aka kuma bar kula da shi a hannun kwamitin amintattu.

Domin mu gane muhimmancin wannan, sai mu tuna da halin da Ikko take ciki a lokacin. Akwai wani rukuni na masu ilmin boko da ya fara ƙarfi: 'yantattun bayi da zuriyarsu waɗanda suka komo daga Saliyo, ana ce da su Saro, da waɗanda suka komo daga Birazil, ana ce da su Aguda. A cikinsu akwai lauyoyi, da likitoci, da fastoci, da akawuna, da attajirai, da masu jarida. Mutane ne masu son lacca da muhawara da kiɗe-kiɗe da wasanni. Amma inda za su yi waɗannan abubuwa shi ne matsala. Yawancin ɗakunan da za su ɗauki jama'a azuzuwan makarantun mishan ne, kuma duk wanda ya ari ɗakin mishan dole ya bi ra'ayin fada ko fasto. In wasa yana da ganga ko rawar gargajiya, ko kuwa lacca tana sukar shugabannin coci Turawa, to ba a sa ran a buɗe ƙofa. Ɗakunan gwamnati kuma na gwamna ne da baƙinsa.

A nan ne bambancin aro da haya yake fitowa. Mai aro a ƙarƙashin alfarma yake, ana iya hana shi ba tare da an gaya masa dalili ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya soki mai ɗaki a cikin ɗakinsa ba. Mai haya kuwa ciniki ya yi. Ya biya, an rubuta sunansa a littafi, daren ya zama nasa. Bugu da ƙari, zauren da ba ya cikin kasafin kuɗin gwamnati ko na coci yana bukatar mai haya kamar yadda mai haya yake bukatarsa, domin da kuɗin haya ne za a gyara rufi, a sayi kujeru, a biya maigadi da mai shara. Wannan bukata ita ce ta sa ƙofar ta zauna a buɗe ga mutanen da amintattun ba lalle ne su yarda da ra'ayinsu ba.

Yadda akan shirya taro a zauren ya zama al'ada sananniya a Ikko. Ƙungiya ko mutum zai kama rana, a buga sanarwa a jarida, a manna takardun talla a bango, a sayar da tikiti hawa-hawa, kujerun gaba sun fi na baya tsada. Sa'an nan akan nemi wani babban mutum ya zama shugaban taro, da waɗansu masu mara masa baya, waɗanda ake sa ran za su ba da kyauta a bainar jama'a. Sunan shugaban taro yana jawo 'yan kallo, kyautarsa kuma tana cike giɓin kuɗin haya. Ta wannan hanya ƙungiyoyin da ba su da ƙarfi suka iya ɗaukar zaure mafi daraja a birnin.

4.0 Masu Hayar Nishaɗi: Majigi da Wasan Kwaikwayo

A watan Agusta na 1903 aka nuna majigi karo na farko a Nijeriya, kuma a Zauren Glover aka yi. Wani kamfani ne na ƙasar Sifen mai suna Balboa ya kawo na'urar, wanda ya tsaya musu kuwa shi ne Herbert Macaulay, safiyo kuma jikan Bishop Ajayi Crowther. An yi kwanaki ana nunawa, zaure yana cika. Lura da cewa wannan sabon abu bai shigo ta hannun gwamnati ba. Fatauci ne na masu yawo da na'ura, kuma abin da suke bukata kurum shi ne ɗaki mai duhu, da kujeru, da ƙofa guda da za a tsaya a karɓi kuɗi. Zauren haya ne kaɗai zai iya ba su wannan.

Haka abin yake ga wasan kwaikwayo. Tun daga 1888 aka fara samun coci-coci na 'yan ƙasa waɗanda suka ɓalle daga na Turawa, kamar su Cocin Baftis na 'yan ƙasa, da United Native African Church a 1891, da African Church a 1901. Waɗannan coci-coci sun yarda da waƙa cikin Yarabanci da sautin gargajiya, kuma ƙungiyoyinsu sukan shirya wasanni masu waƙe domin tara kuɗin gini. In wasa ya karɓu a harabar coci, sai a kai shi zauren haya inda Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya duk za su iya sayen tikiti.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan hanya shi ne Hubert Ogunde. Ɗan sanda ne, kuma mai shirya waƙoƙi a wani cocin Aladura da ke Ebute Metta. A watan Yuni na 1944 ya nuna wasansa na farko, The Garden of Eden and the Throne of God, a Zauren Glover, domin tara wa cocin kuɗi, Dokta Nnamdi Azikiwe kuma shi ne ya shugabanci taron. Karɓuwar da wasan ya yi ita ce ta ba shi ƙwarin guiwa ya ajiye kaki, ya kafa ƙungiyar wasa ta sana'a wadda ake biyan 'yan wasanta albashi. Ba da daɗewa ba jigon wasanninsa ya tashi daga labaran Littafi Mai Tsarki ya koma kan halin ƙasa. Bayan babban yajin aiki na 1945 ya yi Strike and Hunger. Bayan harbin da 'yan sanda suka yi wa masu haƙar kwal a Inugu a watan Nuwamba na 1949, inda mutum 21 suka mutu, ya yi Bread and Bullet. Daga dandamalin Glover ne ƙungiyar take ɗaukar wasa ta zaga da shi garuruwa a mota, kuma wannan salo ne sauran ƙungiyoyin wasan Yarabawa suka bi, har ya kai ga fina-finansu na baya.

Abin lura shi ne, da Ogunde ya kai Bread and Bullet Kano a farkon shekarun 1950, hukuma ta hana shi nunawa, har aka gurfanar da shi gaban shari'a. Wasa ɗaya ne, gwamnatin mulkin mallaka ɗaya ce, amma inda ake samun ɗaki da kuɗi an nuna, inda ake samun ɗaki da izni an hana.

5.0 Masu Hayar Siyasa

Shekarar 1944 ita ce ta fi kowace shekara nauyi a tarihin zauren. A watan Maris na wannan shekara ɗaliban King's College na Ikko suka yi bore saboda an fitar da su daga ɗakunan kwanansu an ba sojoji, aka kai su masauki marar kyau. Hukuma ta kori da yawa daga cikinsu, ta kuma tura takwas aikin soja dole. Wannan hukunci ya harzuƙa jama'a. Ƙungiyar Ɗaliban Nijeriya ta kira taron dukan ƙungiyoyi, na ƙabilu da na ma'aikata da na adabi, domin a sami murya guda. Ran 26 ga Agusta 1944 aka taru a Zauren Glover aka kafa Majalisar Ƙasa ta Nijeriya, wadda ta zama NCNC bayan da ƙungiyoyin 'yan Kamaru suka shiga. Herbert Macaulay, wanda ya kawo majigi zauren shekara 41 kafin nan, shi ne aka zaɓa shugaba, Azikiwe kuma babban sakatare.

Ba sai mun tsawaita a kan abin da ya biyo baya ba. A 1946 jam'iyyar ta zaga ƙasa tana neman goyon baya da kuɗi domin ƙin tsarin mulkin Gwamna Richards. A wannan rangadi ne ciwo ya kama Macaulay a Kano, aka komar da shi Ikko ya rasu ran 7 ga Mayu. A cikin wakilan da suka tafi Landan a 1947 akwai Bukar Dipcharima daga Barno, kuma a 1948 Malam Sa'adu Zungur ya zama sakataren jam'iyyar na tarayya. Saboda haka abin da aka ƙulla a zauren ya taɓa siyasar Arewa tun kafin a kafa manyan jam'iyyunta.

Haka kuma a ƙarshen 1948, lokacin da samarin Zikist suka ɗauki zafi. A watan Oktoba Osita Agwuna ya yi laccarsa ta kiran juyin juya hali a wani zauren haya, na Tom Jones, Anthony Enahoro yana shugabanta. A watan Nuwamba kuma Raji Abdallah, shugaban ƙungiyar, wanda ya yi aikin gidan waya a Kano ya kuma kafa ƙungiyar NEPA a can, ya tsaya a Zauren Glover ya yi jawabin fito-na-fito da mulkin Ingila. Aka kama su, aka ɗaure bisa laifin tunzura jama'a.

Wannan ya nuna mana iyakar abin da haya take iya bayarwa. Biyan kuɗin zaure bai hana ɗan sandan ciki zama a kujerar baya yana rubutu ba, bai kuma hana kotu ɗaure mai magana ba. Abin da ya bayar shi ne damar a yi maganar tukuna, a gaban ɗaruruwan shaidu, jarida ta ɗauka washegari. Hukunci yakan zo bayan magana ta riga ta fita, kuma magana zarar bunu ce. Ga shi kuwa a ƙarƙashin sunan gwamnan mulkin mallaka aka yi ta, a ɗakin da aka gina domin a yabe shi.

6.0 Kwatanci da Wasu Wuraren Taro

Domin wannan batu ya ƙara fitowa, bari mu dubi Zauren Mapo na Badun. Shi ma tsohon ginin jama'a ne, mai manyan ginshiƙai, a kan tudu a tsakiyar gari. Razdan na lardin Oyo, Kyaftin Ross, shi ne ya aza harsashinsa a 1925, injiniya Robert Jones ya gina shi, aka buɗe a 1929 zamanin Gwamna Graeme Thomson, a kan kuɗi wajen fam 24,000. Amma Mapo ginin En'e ne, mazaunin majalisa da ofisoshi, kuma a idon talaka nan ne gidan haraji. Shi ya sa da manoman koko suka tayar da boren Agbekoya a 1968, Mapo suka nufa da fushinsu. Har ila yau nan ne ake ba Olubadan sandar mulki, kamar yadda aka yi wa Rashidi Ladoja a watan Satumba na 2025. Ko da yake shi ma an yi tarurrukan siyasa da bukukuwa a cikinsa, asalin darajarsa daga sarauta da hukuma ta zo. Mapo ya shiga tarihi ta wajen masu shi, Glover kuwa ta wajen masu hayarsa.

A Arewa kuma, a waɗannan shekaru, manyan ɗakunan taro na hukuma ne. Zauren Lugard na Kaduna mazaunin majalisun jiha ne, ɗakunan majalisa na birane kuwa na sarakuna da En'e ne. Wannan ya sa 'yan siyasar farko suka koma otal-otal da gidajen silima da filayen Sabon Gari. A otal ɗin Green na Kaduna aka yi tarurrukan farko da suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa. A otal ɗin Colonial na Sabon Garin Kano ne aka shirya taron da ayarin S. L. Akintola na jam'iyyar AG zai yi a watan Mayu na 1953, wanda En'e ta janye izninsa, kuma a bakin wannan otal ne rikicin da ya ci rayuka aƙalla 36 ya faro. Ba muna cewa rashin zaure ne ya jawo rikicin ba, domin dalilansa suna cikin taƙaddamar neman mulkin kai ta wannan shekara. Abin da muke nunawa shi ne, tambayar wa yake riƙe da mabuɗin ɗakin taro tambaya ce ta siyasa tsantsa, kuma amsarta ta bambanta daga gari zuwa gari.

7.0 Rushewa, Mantuwa da Sabuntawa

A farkon shekarun 1960 filin Marina ya yi tsadar da tsohon zaure mai hawa kaɗan ba zai iya riƙe shi ba. Aka rushe ginin farko, aka gina sabo a titin Customs da ke kusa, da suna ɗaya da aiki ɗaya. Watau bangon da ya ji muryar Macaulay ba shi ne yake tsaye a yau ba. Abin da ya wanzu shi ne suna da al'adar haya, kuma ƙungiyoyin wasa suka ci gaba da cika sabon zauren.

Daga baya abubuwa da dama suka taru suka rage masa kasuwa. A 1976 aka gama Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Iganmu domin bikin FESTAC na 1977, wanda a lokacin babban ɗakinsa yake ɗaukar mutum 5,000. Talabijin, sa'an nan kaset na bidiyo, suka zaunar da 'yan kallo a gida. Tsakiyar tsibirin ta koma unguwar bankuna, mai cika da rana, mai zama kufai da dare, jama'a sun ƙaura zuwa unguwannin ƙetaren gada. A watan Disamba na 1991 gwamnatin tarayya ta tashi zuwa Abuja. Da masu haya suka ragu kuɗin gyara ya ragu, da gyara ya ragu masu haya suka ƙara gudu.

Kada a ɗauka doka kaɗai takan ceci gini a irin wannan hali. Nijeriya tana da dokar kayan tarihi tun 1953, kuma Dokar Soja ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Amma gidan Ilojo Bar da ke dandalin Tinubu, ginin Aguda wanda aka sa cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an wayi gari an rushe shi a watan Satumba na 2016. A ɗaya ɓangaren kuma, harabar tsohon kurkukun titin Broad, inda aka taɓa tsare Macaulay da Awolowo da Enahoro, an mai da ita wurin shaƙatawa mai suna Freedom Park a 2010, aka riƙa yin kiɗe-kiɗe da wasanni da baje kolin littattafai a ciki. Wurin da ƙafa take shiga yana da masu kare shi.

Shi ma Zauren Glover gwamnatin Jihar Legas ta sabunta shi, aka sake buɗe shi a 2021, aka kuma danƙa gudanar da shi ga kamfanin Lufodo na 'yan wasan nan Olu Jacobs da Joke Silva. Ta wani fanni wannan komawa ce ga asali, tun da an sake ɗora rayuwar zauren a kan tikiti da haya.

8.0 Kammalawa

Yanzu sai mu komo ga ƙorafin da muka fara da shi. Daga abin da ya gabata, a ganinmu haya ba ita ce take zubar da mutuncin ginin jama'a ba. Haɗarin yana wuri uku. Na farko, in kuɗin haya ya hau har ya zama attajirai da manyan kamfanoni kaɗai ke iya ɗauka. Ƙungiyar ɗalibai ce ta kira taron 1944, ƙaramin coci ne ya ɗauki nauyin wasan Ogunde. Zauren da irin waɗannan ba za su iya biya ba ya daina zama na jama'a ko da sunansa bai sake ba. Na biyu, in mai riƙe da mabuɗi ya koma zaɓen masu haya bisa ra'ayin siyasa, ya buɗe wa jam'iyyar gwamnati ya rufe wa abokan hamayya, to haya ta koma aro. Na uku, in kuɗin da aka karɓa bai koma kan rufi da bango ba, ko kuwa aka bar masu biki suna kafa ƙusa da jan waya yadda suka ga dama.

Saboda haka shawararmu ga hukumomin da suke riƙe da irin waɗannan gine-gine ita ce a yi kuɗin haya hawa biyu, na kasuwa ga bukukuwa da kamfanoni, da mai rahusa ga makarantu da ƙungiyoyin adabi da na unguwa, na farkon ya ɗauki nauyin na biyun. A rubuta sharuɗɗa a manna inda kowa zai gani, a kuma ware wani kaso na kuɗin domin gyara.

Shawara ta ƙarshe gare mu ce, mu masu nazarin tarihi. Mun saba neman rahoton razdan da wasiƙun gwamna, amma ba mu cika tambayar littafin da akawun zaure yake rubuta sunayen masu haya ba. A cikin irin wannan littafi ne ake ganin wace ƙungiya ce ta tashi a wace shekara, wa ya iya biya, wa aka mayar wa kuɗinsa. Ya kamata ma'aikatar adana takardun tarihi da ke da rassa a Badun da Inugu da Kaduna, tare da sassan tarihi na jami'o'inmu, su nemi waɗannan littattafai daga zaurukan gari da otal-otal da tsofaffin gidajen silima, su adana su kafin gara ta riga mu.